Filin Tambaya da Amsa: Wai meye kanel ɗin nan da ake ta ɗora wa ɗalibai?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan makon. Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, kanel da SVM, wato wata dabarar koya wa kwamfuta raba abubuwa gida-gida daga misalai, da alama lokacin furojek ya kama a makarantun Jos, don haka na haɗa su waje guda. Na rage tsawon wasu tambayoyin, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe ina karanta kimiyyar kwamfuta, gidanmu Bokkos kuma manoman dankali ne, shi yasa na ɗauki furojek a kan hasashen cutar nan da ke ƙone ganyen dankali da damina. Na samu bayanan gonaki wajen 600, ruwan sama, zafi, laima, irin da aka shuka, da ko cutar ta kama ko bata kama ba. Ni dai dip lanin nake so nayi don shi ake yayi, amma sufabaiza na yace sam, wai inyi SVM da kanel na RBF. Don Allah meye ma kanel ɗin, kuma anya ba tsohon yayi yake so ya maida ni ba? Daga wani ɗalibi, Unguwar Rogo.

AMSA: Ƙanina, malaminka ya fi ka gaskiya, kuma ba wai don shi ne malami ba. Gonaki 600 ba komai bane a wajen niyural netwok mai zurfi, wato dip lanin ɗin da kake so, lissafi hawa-hawa da ke koyo daga misalai masu ɗimbin yawa, abun da zai yi maka kawai shi ne ya haddace su tas, ranar da ka kawo masa gona ta 601 ya rikice. Irin wannan ƙaramin teburi na lambobi shi ne ainihin filin SVM, kuma a laftop ɗinka zai gama koyo kafin ka ɗaga hannu daga kibod.

Toh bari mu ɗauki cutar taka da kanta. Ita wannan cuta, wadda ta jawo yunwar ƙasar Ailan daga 1845, sanyi-sanyi mai laima take so, shi yasa take samun yadda take so a Filato da tsakiyar damina, tudu ne mai kusan mita 1,200 ga hazo ga yayyafi. In zafi yayi yawa bata yaɗuwa, in sanyi ya wuce misali ma tana lafawa, a tsakiya take ɓarna. Yanzu ka jera gonakinka a kan layi ɗaya bisa ma'aunin zafi, masu cuta zasu taru a tsakiya, masu lafiya suna dama da hagu. In nace ka yanka layin nan sau ɗaya tak masu cuta su koma gefe guda masu lafiya ɗaya gefen, ba zaka iya ba, duk inda ka yanka sai ka haɗa da waɗanda ba su ji ba su gani ba. Injinan koyo masu miƙaƙƙen layi kuma iyakar abun da suka iya kenan, yanka ɗaya miƙaƙƙe.

Amma a ce, misali kawai nake bayarwa, tsakiyar haɗarin digiri 18 ne. Kowace gona ka ƙirƙira mata sabuwar lamba, ka cire 18 daga zafinta sannan ka ninka abun da ya rage da kansa. Mai digiri 16 ta samu 4, mai 20 ita ma 4, mai 8 ta samu 100, mai 30 ta samu 144. Kaga yanzu yanka ɗaya a wajen 50 ya raba gardama, na ƙasa masu haɗari na sama masu lafiya. Gonakin basu canza ba, ka dai ƙara musu wata fuskar da ake kallonsu ta ita. Kamar bakace ne, tsaba da ƙaiƙayi a cakuɗe kan faifai babu layin da zaka ja ya raba su, amma da mai bakace ta watsa su sama sai mai nauyi ya dawo faifai marar nauyi ya bi iska.

Matsalar ita ce kai ba zafi kaɗai gare ka ba, akwai laima, ruwa, kwanakin shuka, kuma haɗuwarsu ce ke kawo cutar, zafi sau laima, laima sau ruwa, haka haka, in ka ce da hannu zaka zauna kana ƙirƙiro sabbin lambobin nan ba ranar gamawa. A nan kanel ya shigo. Masana sun lura cewa lissafin SVM daga farko har ƙarshe baya buƙatar ganin sabbin lambobin, abun da yake tambaya kawai shi ne, gona kaza da gona kaza, nawa ne kamanninsu? Kanel shi ne ɗan lissafin da ke amsa wannan tambayar, ka bashi gona biyu ya dawo maka da lamba ɗaya. Shi RBF da malaminka ya ambata, in gonakin iri ɗaya ne sak zai ce 1, suna nisa da juna lambar tana sauka tana dosar sifili. Shikenan fa. Sabuwar gona in ta zo, ana auna kamanninta da wasu zaɓaɓɓun tsofaffin gonaki, ɓangaren da ya rinjaya shi ne hukunci.

Nace zaɓaɓɓu saboda SVM ba kowace iyaka yake ja ba, yana neman wadda ta bar tazara mafi faɗi tsakaninta da misalan ɓangarorin biyu, kuma gonakin da ke daf da iyakar, da waɗanda suka tsallaka ta, su kaɗai ke riƙe da ita. Waɗanda ke can ciki nesa ko ka goge su ka sake koyarwa iyakar bata motsi. Wannan ma abun dubawa ne a furojek ɗinka, ka fito da jerin gonakin bakin iyakar ka kai wa babanka ko wani malamin gona, su ne gonakin da yanayinsu ke da ruɗani, kuma sau da yawa a cikinsu ake kama waɗanda aka rubuta ba daidai ba.

Maɓallai biyu zaka murɗa, C da gamma. Gamma shi ke cewa kamanni ya mutu da wuri ko ya kai nesa, in yayi girma kowace gona sai ta ga babu mai kama da ita sai kanta, injin ya koma hadda, in yayi ƙanƙanta kuma kowa ya zama kama da kowa. C kuma shi ne tsananin hukuncin kuskure, babba yana sa iyakar ta dinga lanƙwasa don kar ta ɓata ko ɗaya, ƙarami yana yafe wasu kurakuran don iyakar ta zauna lafiya. Kar ka zaɓa da ka, akwai GridSearchCV a scikit-learn, kundin kayan koyon inji na Python, ka bashi C daga 0.1 zuwa 1000 yana ninkawa goma-goma, gamma ma haka, ya gwada maka.

Abun da ya fi kayar da ɗalibai kuwa ba ma waɗannan bane, rashin daidaita ma'auni ne. Ruwan sama ɗaruruwan milimita ne, zafi bai wuce ashirin da wani abu ba, in ka zuba su haka RBF ruwan kawai zai gani saboda shi ke da manyan lambobi, zafi ya zama ɗan rakiya. StandardScaler mai daidaita ma'aunai kafin komai, ka sa shi cikin Pipeline mai jera matakan aikin. Irin dankali kuma ba lamba bace, kar ka rubuta 1, 2, 3 injin ya ɗauka iri na 3 ya fi nisa da na 1, kowane iri a bashi nashi gurbin na eh ko a'a.

Wani daɗin kuma da zaka gode wa malaminka ranar difens, lissafin SVM amsa mafi kyau guda ɗaya gare shi, ka koyar yau ka koyar gobe da bayanai ɗaya abu ɗaya zaka samu, ba kamar niyural netwok ba da kowane tashi da inda yake sauka.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina koyar da lissafi a wata sakandare, ƙanwata ce ta nuna min littafinta inda aka ce wai da kanel kwamfuta tana aiki a fili mai fuskoki marasa iyaka ba tare da ta shiga cikinsa ba. Ni dai wannan magana tayi min kama da burga, ta yaya za a lissafa abun da bashi da ƙarshe? Daga wata malama, Bukuru.

AMSA: Malama ba burga bace, kuma da biro da takarda zaki tabbatar, ƴan ajinki ma zasu iya. Ɗauki abu biyu, kowanne lambobi biyu ke siffanta shi, na farko 1 da 2, na biyu 3 da 4. Ki ninka lambar farko da lambar farko, ta biyu da ta biyu, ki tara, 3 da 8 sun bada 11. Ki ninka 11 da kanta, 121. Ki ajiye wannan.

Yanzu doguwar hanya. Kowane abu ki maida shi lambobi uku, lambar farko sau kanta, lambar biyu sau kanta, sai farko sau biyu sau √2. Abu na farko ya zama 1, 4, 2√2. Na biyu ya zama 9, 16, 12√2. Ki sake ninkawa gurbi da gurbi ki tara, 9 da 64 da 48. Nawa kenan? 121. Amsa ɗaya, amma a gajeriyar hanya baki taɓa rubuta lambobi ukun nan ba.

A lambobi biyu ribar bata da yawa, amma ki ɗauki hoton lambar da aka rubuta da hannu irin na tarin MNIST, ɗigo 28 sau 28, wato lambobi 784 kowane hoto. In za a bi doguwar hanya a haɗa kowane ɗigo da kowane, har da shi da kansa, sabbin lambobi 307,720 za a ƙirƙira wa hoto ɗaya. A gajeriyar hanya ninki 784 ne a tara, sannan a ninka amsar da kanta sau ɗaya. In mataki na biyar ake so maimakon na biyu doguwar hanya ta haura tiriliyan, gajeriya kuwa aikinta bai ƙaru da komai ba.

Maganar rashin iyaka kuma daga RBF ta fito, saboda a cikinsa akwai lambar nan ta lissafi e mai ɗauke da pawa, mu kira pawar z, kuma ke kin san yadda ake warware shi, 1, a ƙara z, a ƙara z² bisa 2, a ƙara z³ bisa 6, haka har abada. Kowane gaɓa a jerin nan kanel ne irin wanda muka gwada a sama amma na mataki na gaba, jerin baya ƙarewa don haka fuskokin ma basa ƙarewa, amma jimillarsa lamba ce guda da kalkuleta ke bayarwa nan take. Kwamfuta jimillar take lissafawa.

Sai dai ba kowane lissafin kamanni ne ya cancanta ba. Sharaɗi ne kamannin A da B ya zama daidai da na B da A, sannan in aka jera duk kamannin a teburi mai layi da ginshiƙi, kar a samu aigenbaliyu ɗinsa, wasu lambobi na musamman da ake lissafowa daga irin wannan teburi, ko ɗaya ƙasa da sifili. Tushen wannan yana cikin aikin James Mercer ɗan Ingila na 1909, lokacin ko kwamfuta babu, shi wata matsalar lissafi daban yake warwarewa. A 1964 ne wasu masana uku a Mosko, Aizerman da Braverman da Rozonoer, suka kawo dabarar cikin koyon inji, amma bata yi tashe ba sai 1992 da Bernhard Boser da Isabelle Guyon da Vladimir Vapnik suka haɗa ta da dabarar tazara mafi faɗi a Bell Labs a Amurka, shi Vapnik ɗin tun shekarun 1960 yake wannan bincike a Rasha tare da Alexey Chervonenkis. A 1995 Corinna Cortes da Vapnik suka ƙara sassaucin yafe kuskure, wato C ɗin da na faɗa wa ɗalibin can. Ki gaya wa ƴan matan ajinki, biyu daga cikin sunayen nan mata ne.

Kuma ba raba abu gida biyu kaɗai ake da shi ba. Duk wata tsohuwar dabara da lissafinta ya tsaya kan wannan ninkawa-da-tarawa za a iya zare shi a sa kanel, haka Schölkopf da Smola da Müller suka yi wa PCA, dabarar rage yawan ma'aunai, a 1998, haka ake wa rigireshan, wato hasashen lamba, da tara abubuwa rukuni-rukuni.

TAMBAYA: Malam ni a ofis nake aiki ɓangaren bayanai, ina da layi 150,000 na rijista, na sa SVC a Python tun safe har aka tashi aiki bai gama ba, laftop ɗin tayi zafi kamar zata kama da wuta. Ram ɗina gig 8 ne, in na ƙara zai yi? Daga wata ƴar'uwa, Rayfield.

AMSA: Ƴar'uwa ki riƙe kuɗinki, ƙarin ram ba zai fidda ki ba. Kanel kowane layi yake gwadawa da kowane layi, layi 10,000 kamanni miliyan 100 kenan, in za a ajiye su duka megabait 800. Naki 150,000 kuwa biliyan 22.5 ne, gig 180. SVC, wato SVM ɗin scikit-learn, wanda a ƙarƙashinsa manhajar LIBSVM ce ta su Chih-Jen Lin na Jami'ar Ƙasa ta Taiwan, baya ajiye teburin duka, ɗan yanki yake riƙewa yana sake lissafa sauran duk sanda ya buƙata, shi yasa bai faɗi ba amma kuma bai gama ba. In kika ninka layi sau biyu aikin aƙalla sau huɗu yake ƙaruwa. Wannan shi ne babban raunin hanyar gaba ɗaya, babu ɓoye-ɓoye.

Ki fara da LinearSVC ko SGDClassifier masu jan miƙaƙƙen layi ba kanel, mintoci ne, kuma sau da yawa sakamakon ya isa. In kin ga lallai sai an lanƙwasa iyaka, akwai Nystroem da RBFSampler duk a scikit-learn, na farkon yana zaɓar wasu ɗaruruwan layuka a matsayin wakilai a auna kowa da su, na biyun dabarar Rahimi da Recht ce ta 2007 da ke kwaikwayon RBF da lambobin caca, sai ki ɗora mai miƙaƙƙen layi a kai. Ko kuma ki tsamo layi 10,000 ba tare da zaɓe ba ki gwada SVC a kansu ki ga ko ma ya fi miƙaƙƙen. A gaskiya ni da teburi mai wannan girma gare ni XGBoost ko LightGBM, wasu dabaru daban da basa amfani da kanel, zan fara gwadawa, filin kanel ba dole bane a kowace rana.

TAMBAYA: Malam, ni dattijo ne na daɗe a harkar kuza. Yarona da ya karanta ilimin duwatsu yace akwai lissafin da in an haƙa ramukan gwaji kaɗan zai nuna inda kuza take a sauran filin, yace ai duk dangin abun da kuke rubutawa ne. Gaskiya ne ko yaro ne kawai da zumuɗin boko? Daga wani Alhaji, Barikin Ladi.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, yaron ya faɗi gaskiya, kuma abun alfahari ne a gare ku don wannan reshen daga ramin ma'adinai ya fito kafin masu kwamfuta su ɗauka. Wani injiniya ɗan Afirka ta Kudu, Danie Krige, shi ya fara a 1951 yana ƙiyasta zinaren da ke ƙasa a yankin Witwatersrand daga ramukan gwaji, daga baya Georges Matheron na Faransa ya tsara lissafin a shekarun 1960 ya sa masa sunan Krige, ake ce masa kirigin. Masu koyon inji suna da irinsa sak da suke kira tsarin Gauss, kuma zuciyarsa kanel ce, ita ke faɗin yadda wuri biyu suke kama gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu. Ramin da ke kusa da inda ake tambaya maganarsa ta fi nauyi, na nesa maganarsa ta yi sauƙi, ramuka biyu da ke manne da juna kuma ba a ƙirga su a matsayin shaida biyu cikakku.

Abun da ya fi burge ni da shi, ba ƙiyasi kaɗai yake bayarwa ba, yana haɗawa da girman shakkarsa. Zai zana taswira biyu, ɗaya ta yawan kuzar da yake zato, ɗaya ta inda bai da tabbas, kuma ta biyun ita ke nuna inda ya dace a kashe kuɗin ramin gwaji na gaba.

Amma Baba ga inda iliminku ya fi na yaron. Yawancin kuzar Filato ruwa ne ya wanko ta daga duwatsu ya zuba a kwarin rafuka, wasu tsofaffin hanyoyin ruwan ma ƙasa ta binne su tuntuni. Kenan rami biyu da ke bin hanyar tsohon rafi ɗaya suna iya yin kama ko da akwai nisa, alhali taku kaɗan a gicciye ka fita daga jijiyar gaba ɗaya. In yaron ya ɗauki kanel na gama-gari da ke auna gabas da yamma da kudu da arewa daidai wa daida, taswirar zata fito da kyau a ido amma zata nuna kuza a inda babu. Dole a gaya wa lissafin cewa kamanni ya fi tsawo ta wannan fuskar ya fi gajarta ta waccan, kuma wanda ya shekara yana bin jijiya shi ya san fuskar. Ku zauna tare. Sannan ramuka biyar ko shida ba zasu isa a gane yadda kamannin ke raguwa ba, ana son gommai, kowanne da wurinsa na GPS da zurfinsa, an kuma auna samfurin ta hanya ɗaya. Maganar lasisi kuma tana ofishin rijistar ma'adinai na tarayya a Abuja, wannan lissafi bai ɗauke ta ba.

TAMBAYA: Malam ina so in haɗa abun da zai dinga tace saƙonnin damfara na Hausa, amma kowa da yadda yake rubutu, wani kudi wani kuɗi wani kudii, SVM zai iya? Daga wani matashi, Gangare.

AMSA: Zai iya ɗan'uwa, tun 1998 Thorsten Joachims ya nuna SVM ya iya rarraba rubutu. Kar dai ka ƙirga kalma-kalma, ka yanka rubutun gutsure-gutsure na haruffa uku ko huɗu, kamanni ya zama yawan gutsuren da saƙo biyu suka yi tarayya a kai, ta haka makaranta da makarantar da makarantarmu duk zasu gane juna. Irin wannan kanel na jerin haruffa har a kan furotin masana suka yi amfani da shi a 2002, tunda shi ma jeri ne na haruffa 20. A aikace TfidfVectorizer mai maida rubutu lambobi, da zaɓin char_wb mai yanka shi gutsuren haruffa, sai LinearSVC, a rubutu miƙaƙƙen layi ya kan wadatar don siffofin sun riga sun yi yawa. Ka maida ƙ da ɗ da ɓ zuwa k, d, b kafin ka fara tunda yawancin mutane basa sa lanƙwasa a waya. Wahalar aikinka ba a nan take ba, tana wajen tara saƙonnin gaske, da izinin masu su, kana goge lambar waya da ta akawun.

TAMBAYA: Malam albishir, na ɗauki hotunan ganyen tumatir masu cuta da masu lafiya na koyar da SVM, ya ci kashi 99 cikin 100. Amma da na je Farin Gada na ɗauki sabbi sai yake ta shirme, me ya faru? Daga wata ɗaliba, Naraguta.

AMSA: Ƙanwata goron albishir ɗin sai mun bincika tukuna. Abu na farko da nake zargi, ganye ɗaya kin ɗauke shi hoto sau da yawa, da aka raba hotunan na koyo da na gwaji sai wasu suka faɗa nan wasu can. RBF kuwa aikinsa kenan neman mai kama, ya ga hoton gwaji ya tuno ɗan'uwansa da ya gani ɗazu, ba cuta ya gane ba ganyen ya gane. Ki raba ta gona ko ta shuka, duk hotunan gona ɗaya su tafi ɓangare ɗaya, GroupKFold ke yin wannan. Na biyu ki duba bayan hoton, in masu cuta a kan farar takarda kika ɗauka masu lafiya kuma a gona, toh takarda ya koya. Ba ke kaɗai bace, a 2016 Mohanty da Hughes da Salathé sun koyar da niyural netwok da hotunan ganye sama da 54,000 na PlantVillage ya ci sama da kashi 99, da suka gwada shi da hotunan da aka ɗauka a wani yanayi daban ya faɗo kusan kashi 31, kuma su da kansu suka wallafa hakan.

Sannan kashi cikin ɗari shi kaɗai yaudara ne, in 95 cikin 100 na hotunanki lafiyayyu ne, injin da ke cewa lafiya ga kowa ya ci 95 bai san komai ba. Ki fitar da teburin da ke nuna masu cuta nawa ya kama, nawa suka kuɓuce masa. In kuma da hotunan gwajin kika dinga murɗa C da gamma har maki ya hau, sun tashi daga na gwaji, sai kin ware wasu da bai taɓa gani ba.

Maganar hoto kuma, a nan ne dip lanin yake da gaskiyarsa. Tun 2012 da wani niyural netwok mai suna AlexNet ya sauke kuskure a gasar gane hotuna ta ImageNet zuwa kusan kashi 15 alhali mai bi masa yana kashi 26, aka daina zuba ɗigon hoto kai tsaye cikin kanel, don ganye ɗaya in kin ɗan juya shi ko rana ta haska ɗigonsa duk sun canza. Hanyar da ta dace da ke ita ce ki ɗauko netwok da aka riga aka koyar, kamar MobileNet ko ResNet, ki cire matakinsa na ƙarshe, kowane hoto ya shiga ya fito a matsayin jerin lambobi, sai ki ɗora SVM a kan waɗannan. Hotuna ƴan ɗaruruwa sun isa a fara, Colab na kyauta, shafin Google da ake gudanar da Python a kai, ma zai ɗauka. Hotunan Farin Gada kuma kar ki zubar, ki ƙaro wasu da safe da yamma da waya daban-daban, rabi ki zuba cikin na koyo rabi ki kulle sai ranar gwajin ƙarshe.

Masu tambaya kan wace laftop ya dace ɗalibi ya saya, ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.